Kafin Takardar Kira Ta Fito

Ɗana,

Ina taya ka murnar ajiye biro. Allah Ya sa wa karatun albarka, Ya sa ka ci moriyarsa, mu ma mu samu rabonmu. Mamanka ta faɗa mini shirin da ka yi wa watannin nan. Wai ka ce kai da littafi sai bayan an ɗaga kofin tanis na Wimbledon, kuma ka cika waya da kwamfuta da finafinan da jarrabawa ta hana ka kallo. Hankalinta bai kwanta ba, ta ce in yi maka faɗa. Faɗa kam ba zan yi ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba. Shirin gyara yake so, kuma gyaran ba shi da yawa.

Hutun dai ka cancance shi. Karatun da aka ce muku na shekara huɗu ne ya zarce, yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye, daga Fabrairu har Oktoba, da aka dawo kuma aka shiga tsere da kalanda, lakca a kan lakca, gwaji a kan gwaji. Wanda ya fito daga wannan bai kamata a tare shi a bakin ƙofa da tambayar yaushe zai fara aiki ba. Jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, ƙwaƙwalwa ma haka. Ka yi barcinka, ka ci tuwon gida, ka bar kumatun nan su dawo.

Ga inda damuwar mamanka take da tushe, ko da ba haka ta faɗe ta ba. Turawan da kake gani a talabijin suna cin 'ya'yan itace a gefen fili, hutunsu na lokacin zafi yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Daga Yuni zuwa Satumba ne, ranar ma aronta suke yi, sun san sanyi yana nan tafe kuma ofis yana jira. Naka hutun ba haka yake ba. A nan damina ce, kuma abin da kake jira shi ne makaranta ta tura sunanka, hukumar bautar ƙasa ta fitar da takardar kira. Yana iya zama wata uku, yana iya kai wa shekara. Tun ranar da aka kai ka aji ɗaya na firamare akwai wanda yake yanka maka lokaci: ƙararrawa, jadawali, ranar jarrabawa, malamin da yake duba furojet. Yau ne karon farko da ka farka babu mai jiran ka a ko'ina. Lokaci irin wannan kamar takardar dubu ce da aka fasa ta zama canji, ba ka sayi wani abin kirki ba amma da yamma ka laluba aljihu ka ji wayam. Na ga yara masu hankali da suka shiga hutu irin naka da niyyar sati biyu, sai ga shi shekara ta zagayo suna kan benci ɗaya a wurin mai shayi, ana musun da aka yi jiya. Ba lalacewa suka yi ba. Babu dai wanda ya ce musu an tashi.

Don haka shawarata guda ce, sauran duk rassanta ne. Cikin abubuwan nishaɗi, ka riƙa zaɓar wanda yake da ƙarshe, wanda in ya ƙare zai sallame ka ka tashi.

Ta wannan fuskar tanis abokin kirki ne. Wimbledon sati biyu ce. Maza 128 da mata 128 suke shiga, kullum ana raguwa, wanda zai ɗauki kofi sai ya ci wasa bakwai a jere, ranar Lahadi ta biyu a miƙa kofin maza a naɗe tabarma sai baɗi. Tun 1877 ake yin ta, kuma duk girmanta in ƙarfe 11 na dare ya yi dole a tsaya, ko da ana tsakiyar turmi, saboda maƙwabtan filin suna da haƙƙin barci. Gasar da duniya take kallo tana da lokacin rufe ƙofa, kai ma sai ka sa wa ɗakinka.

Wani sauƙin da Allah Ya yi maka, a watannin nan agogon Landan, inda ake gasar, da na Kano daidai suke. In an ce za a fara a babban fili ƙarfe ɗaya da rabi, to ɗaya da rabin nan taka ce. Wasan ƙarshe, wanda a da ƙarfe biyu ake farawa, daga 2025 an mai da shi ƙarfe huɗu, wato kana sallame La'asar. In maza suka ja shi turmi biyar kuwa, Magariba za ta same ka a zaune. Hutun da ake ba 'yan wasa tsakanin turmi da turmi minti biyu ne, ba ya isar alwala ballantana jam'i, saboda haka kada ka yaudari kanka da cewa bari a gama wannan. Ka tashi kawai. Abin da ya wuce ka za ka same shi a maimaici, sahu kuwa ba a maimaita shi. Gasar Faransa, wadda ake yi a kan jar ƙasa daga ƙarshen Mayu, awa ɗaya suka riga mu, ita ma ba ta da matsala. Wadda zan ja kunnenka a kanta ita ce ta Amurka, a ƙarshen Agusta. New York tana bayanmu da awa biyar, wasanninsu na dare da suke farawa ƙarfe bakwai, a nan sha biyun dare ne. A 2022 Carlos Alcaraz da Jannik Sinner sun yi wani wasa a can da bai ƙare ba sai ƙarfe 2:50 na darensu. Wanda ya bi shi a Kano tun daga farko har ƙarshe, sai takwas saura minti goma na safe ya ga ƙarshensa. Irin wannan sau ɗaya a gasa ya isa, shi ma in na kusa da ƙarshe ne. In ka mai da shi kullum, cikin sati biyu dare zai zama maka rana, kuma juyo da shi ya fi ɓata shi wuya.

Tunda za ka kalla, ka kalla da idon mai lura. Mafi yawan samari yanzu guntayen bidiyo suke gani, bugu mai kyau na daƙiƙa goma, su wuce. Wannan ba kallon tanis ba ne. Ka zauna wa wasa ɗaya tun daga ɗumama jiki har musabaha a bakin raga, ka ajiye waya a wani ɗaki. Wasan ba shi da agogo, babu wanda zai ci ya koma baya yana ɓata lokaci har alƙali ya hura usur, dole sai ka ci maki na ƙarshe da hannunka. Shi ya sa John Isner da Nicolas Mahut suka yi awa 11 da minti 5 a 2010, cikin kwana uku, turmin ƙarshe ya tashi 70 da 68. Yanzu an sa dokar da take yanke irin wannan, kuma ni ina ganin an kyauta wa gwiwoyin mutane.

Wurin da na fi so ka zuba ido shi ne sabis na biyu. Ana 30 da 40, maki ɗaya ya rage a ƙwace wa mai sabis wasansa, ya ɗaga ƙwallo ya zabga da iya ƙarfinsa, ta faɗa raga. Yaro mai tsintar ƙwallo ya sheƙo a guje ya ɗauke ta. Mutum kusan 15,000 sun yi tsit. Sai ka ga ya zaro ta biyu daga aljihun wando, ya dunguri ƙasa da ita sau uku ko huɗu, ya ɗan dubi inda abokin karawarsa ya tsaya. Wannan karon ba zai buga da ƙarfin farko ba. Zai rage gudu, ya goga raket a bayan ƙwallon ta tafi tana juyawa, ta haye raga da tazara sannan ta nutse cikin akwati ta yi tsalle sama. In ya ji tsoro ya lallaɓa ta da yawa, wancan zai shigo ya kashe ta. In ya yi zuciya ya maimaita ta farko, ya ba da makin kyauta. Duk wannan lissafin cikin 'yan daƙiƙu yake yin sa, da kuskuren da ya yi yanzun nan yana masa kuwwa a kunne. Manyan 'yan wasa a nan ake gane su, fiye da wurin bugun da ake yaɗawa a waya.

Akwai wani lissafi da Roger Federer ya kawo a watan Yuni na 2024, lokacin da jami'ar Dartmouth ta Amurka ta gayyace shi ya yi wa ɗalibai irinka jawabi ranar yaye su, shi da ya bar makaranta yana ɗan shekara 16. Ya ce a wasanni 1,526 da ya buga shi kaɗai, ya ci kusan kashi 80 cikin ɗari. Amma in aka ƙirga maki ɗaya-ɗaya, kashi 54 kawai ya ci. Mutumin da ya ɗauki Wimbledon sau takwas, kusan rabin makin da ya buga a rayuwarsa faɗuwa ya yi. Ina so ka riƙe wannan adadin, don watanni masu zuwa za ka aika takardun neman aiki da na neman gurbin ƙaro karatu, mafi yawansu ko amsa ba za a ba ka ba. Wanda ya saba da makaranta, inda kashi 54 maki ne na tsaka-tsaki da ake ɓoye wa iyaye, yakan ɗauka duniya ta juya masa baya. Ba ta juya ba, haka lissafinta yake tafiya. Federer ɗin nan a wasan ƙarshe na 2019 sau biyu yana kai wa maki ɗaya tsakaninsa da kofi a gaban Novak Djokovic, a kan sabis ɗinsa, kuma kofin ya kuɓuce. Ons Jabeur 'yar Tunisiya ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2022 da 2023, ta kai na Amurka a 2022, duka uku aka doke ta, ta yi kukanta a gaban duniya ta koma atisaye. Ni wasanninta sun fi zauna mini a rai fiye da na wasu da suka ɗauki kofin.

In abokanka na majalisa suka ce maka wannan wasan Turawa ne da ba ruwanmu da shi, ka ba su labarin Nduka Odizor, wanda ya fara da tsintar ƙwallo a Legas, ya je Wimbledon a 1983 ya fitar da Guillermo Vilas a zagayen farko, ya kai zagaye na huɗu. Ka ba su na Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka da ya ɗauki Wimbledon a 1975. Shi ne ya ga wani yaro yana wasa a Yawunde a 1971 ya sa aka kai shi Faransa, yaron nan Yannick Noah ne, wanda ya ɗauki gasar Faransa a 1983. Ashe ɗin yana Legas yana gasa a watan Fabrairu na 1976 aka kashe Janar Murtala, ranar 13 ga wata. Kwanaki kaɗan bayan haka, yana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe, sojoji suka shigo fili da bindigogi suka kore su, wai ana makoki su suna wasa. Mu da muke da wayo a lokacin ba labarin tanis ne ya dame mu ba, Kano gaba ɗaya kuka take yi, sai daga baya muka ji abin da ya faru a filin.

Abu ɗaya ne a harkar nan ba zan sassauta maka ba. Duk inda ake kallon wasa yanzu akwai mai raɗa maka cewa tunda ka san 'yan wasan, me zai hana ka sa ɗari biyu. Caca ce, ko da wane suna aka kira ta, haramcinta ka sani tun a islamiyya, kuma ita ce ta fi kowane abu rashin ƙarshe. Wanda ya sa kuɗi a wasa ya daina ganin wasan, lambobi yake gani. Kada ka buɗe asusun ko da na gwaji.

Sai batun finafinai, kuma a nan ne ma'aunin nan zai fi yi maka aiki. Fim awa biyu ne, na Indiya uku, ya ƙare a rubuta sunaye. Shiri mai dogon zango kuwa an gina shi ne don kada ka tashi, kowane kashi a kan ƙugiya yake tsayawa, manhajar kuma ba ta jiran izininka, kafin ka miƙe ta saka na gaba. Ertugrul na Turkiyya da aka yi ta yayi kashi 150 ne a asalinsa, kowanne wajen awa biyu. Ka lissafa, awa 300 ke nan, ya fi awannin lakcar wasu zangunan da ka yi. Ban ce kada ka kalli Labarina ko Daɗin Kowa ba, ni ma in ana yi a falo nakan zauna. Amma ka bi su yadda ake sakin su, kashi ɗaya a sati, tare da mutanen gida. Tara su a yi musu zaman dare uku a ɗaki, da abin ji a kunne, shi ne abin da nake guje maka.

Lokacin ƙuruciyarmu sinima wuri ce da ake zuwa. A Kano akwai su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, yawanci babu rufi, sai katanga da farin bango da benci, taurari a sama. In jarumi ya fito a kan doki wuri ya kaure da ihu, in fim ya tsinke a tsakiya a yi ta fito ana zagin mai injin har ya haɗa, in hadari ya taso kowa ya duba sama ya duba bango yana lissafin wanda zai riga. Ba wurin da iyaye suke so a gan ka ba ne, kuma suna da hujjarsu. Amma in an tashi an tashi. Za ka tako zuwa gida kuna ta musu da abokai a kan abin da kuka gani, fim ɗaya ya ishe ku hirar sati, ba ku jin Indiyanci amma babu abin da ya wuce ku. Ku yanzu kun fi mu samu nesa ba kusa ba, har fassara ake yi muku da Hausa, sai dai in na tambayi ɗayanku me ya kalla shekaranjiya sai ya yi ta sosa ƙeya.

Don haka ka zaɓa tun da rana, kada ka bari sai ka kwanta ka shiga lalube. Ka rubuta sunayen finafinai goma ko sha biyu a takarda, in ka gama ɗaya ka soke shi. In kana son nawa ra'ayin, ka fara da na gida, don abin kunya ne mai digiri ya san daraktocin Amurka bai san an yi fim ɗin Shaihu Umar ba, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ka nemi Ƙasarmu Ce na Saddiƙ Ɓalewa, na 1991. Ka san cewa harkar bidiyon Kano da ta zama Kannywood daga Turmin Danya ta faro a 1990, sannan ka kalli Mai Martaba, wanda Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024, ka auna tafiyar da aka yi da wadda ta rage. A maƙwabta, Oumarou Ganda na Nijar shi ya fara ɗaukar babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. Fim ɗin Umar Mukhtar na Moustapha Akkad na san ka gan shi kana yaro ana harbe-harbe, sake kallonsa yanzu da ka san tarihin mulkin mallaka, za ka tarar wani fim ne daban. Tunda kuma tanis ta shiga ranka, akwai King Richard na 2021, labarin mahaifin Venus da Serena Williams. Ka kalle shi da ido biyu, don iyalan suna cikin waɗanda suka shirya shi, kuma ba kowane uba mai taurin kai ne 'ya'yansa suke zama zakaru ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin fim na Iran, Children of Heaven, na Majid Majidi, 1997. Yaro ne ya kai takalmin ƙanwarsa gyara ya ɓatar, suka ɓoye wa iyayensu saboda sun san babu kuɗin wani, suka koma karɓa-karɓa da nasa: ita ta je makaranta da safe, ta dawo a guje ta cire masa a lungu, shi ya zura ya ruga. Daga baya ya shiga tseren gudu yana addu'ar ya zo na uku, don kyautar na uku takalmi ce. Bai fi awa ɗaya da rabi ba, babu abin da za ka kautar da kai a cikinsa. Wannan kada ka kalle shi kai kaɗai. Ka haɗa shi a talabijin ɗin falo bayan Isha, ka kira mamanka da ƙannenka, kana fassara musu. Shekara nawa tana ganin ka baƙo, ka zo hutu da jaka ka koma da garin kwaki da yaji, nan gaba kaɗan kuma gwamnati za ta ɗauke ka ta kai wata jiha, daga can sai aiki, sai aure. Watannin nan wataƙila su ne zama mai tsawo na ƙarshe da za ka yi a gidanku a matsayin ɗa. Ba na so ta tuna su a matsayin lokacin da ƙofarka take rufe tana jiyo ihun Turawa daga ciki.

Kuɗin data da na dish kuma ka san daga inda suke fitowa. Ka yanka musu iyaka a wata, ka faɗa mata adadin da bakinka.

Kallo kaɗai yana kashe jiki, musamman ga wanda ya saba takawa daga hostal zuwa aji. Tanis a garin nan ba baƙuwa ba ce, shekara da shekaru ana yin gasar Dala a Kano, 'yan wasa suna zuwa daga jihohi. Ka je inda ake bugawa, ka gaida mutane, ka ari raket. Ranar farko za ka gane cewa mayar da ƙwallo cikin fili sau biyar a jere aiki ne, daga ranar kuma kallonka zai canja, za ka daina zagin wanda ya zubar da bugu mai sauƙi. In hakan bai samu ba, teburin tanis na bakin layi yana nan. Kuma damina ce. Gonar gidanku tana can ana biyan 'yan ƙwadago babu mai leƙawa. Ban ce ka ɗauki fartanya ka yi gasa da su ba, ba za ka iya ba, tafin hannunka na biro ne. Ka dai je ranar noman farko da ranar zuba taki, ka ga buhu nawa aka kai, nawa aka zuba, ka san iyakar gonar ta gabas da ta yamma. Akwai masu digiri da yawa da ranar rabon gado ce ranar farko da suka taka gonar ubansu.

Safiya kuwa ka killace ta. Daga Asuba zuwa Azahar babu wasan da ake yi a Landan da ya shafe ka, fim ma ba na safe ba ne. A nan za ka sa abubuwan da in ba ka yi su yanzu ba za su ci maka shekara. Bautar ƙasa tun 1973 ake yin ta, zamanin Janar Gowon, kuma har yau abin da yake hana yara tafiya tare da 'yan ajinsu bai canja ba sosai: takarda. Ka gama kiliyarans ɗinka na sashe da laburare da wurin biyan kuɗi tun malamai suna ganin fuskarka. Ka duba sunanka yana cikin jerin JAMB na waɗanda aka ɗauka bisa ƙa'ida. Ka jera takardar WAEC da ta JAMB da katin ɗan ƙasa da sakamakon makaranta a kan tabarma, ka bi su harafi-harafi. Mu Hausawa wannan ya fi cin mu, a nan Muhammad, a can Mohammed, a wata sunan uba ya riga, a wata sunan gari ya shigo, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Gyaran harafi ɗaya yana iya cin watanni, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In sunanka ya fito a jerin da makaranta take turawa, ka yi rajista a kwanakin farko. Sansani sati uku ne, da fareti tun duhun asuba, wanda ya mai da dare rana a gasar Amurka zai sha wuya a can. Alawus ɗin ya kai naira 77,000 yanzu, yana da daɗin faɗa, amma in ka cire mota da abinci a garin da ba ka da kowa za ka ga saura.

Cikin safiyar nan kuma ka ɗauki abu ɗaya ka koya, ɗaya tak, wanda shi ma yake da ranar gamawa. Tuƙin mota har ka karɓi lasisi, ko sarrafa lissafi a kwamfuta, ko gyaran sola wurin mai shago, ko ka koma gaban malaminka ka ƙarasa izufin da ka ajiye tun shiga jami'a. Masu cewa za su koyi abu biyar a hutu, a ƙarshe sunayen biyar ɗin kawai suke iyawa. Ranar Juma'a bayan masallaci ka ware ta don dangi. Zumunta a ƙafa take, kuma akwai tsofaffi a dangin nan da suka sa maka albarka ranar da za ka tafi, har yau ba su ji daga bakinka cewa ka gama ba. Ka je da kanka, kada ka aika saƙon waya. Ka zauna ka ji labarinsu ko da ka taɓa ji, wasu cikinsu ba lallai ka same su ba in ka dawo daga bautar ƙasa.

Ka ga ban hana ka komai cikin abin da ka shirya ba, in ban da caca da raba dare. Na ce wa mamanka ta bar ka ka yi sati biyun farko yadda kake so, ko tsintsiya kada ta miƙo maka. Bayan nan sai ka ɗauki takarda ka rubuta wa kanka ranar da hutun zai ƙare, ko takardar kira ta fito ko ba ta fito ba, ka manna a bayan ƙofa, ka faɗa wa mutum ɗaya da kake jin kunyarsa.

Wasan ƙarshe na maza ranar Lahadi ne. Ka zo gidana mu yi La'asar tare mu kalla, akwai inji ko an ɗauke wuta. Ka taho da takardun nan duka a cikin fayil in duba su da tabarau kafin a fara. Ka gaida mamanka da ƙannenka.

Kawunka.